Wai Waƙar Hausa Ba Ta Wuce Gadar Wudil?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar gardama da ta tashi a kwamitin shirya bikin ba da kyaututtuka na bana. Wani abokina, ɗan ajinmu, ya tsara waƙa da Hausa a kan maƙeran Gaya, waɗanda tarihi ya ce su ne suka tashi daga nan suka je Dutsen Dala neman tama, har Kano ta kafu. Wata biyu yana gyaran ta. Amma da aka zo zama sai aka ce a ajiye ta, wai manyan baƙi za su zo, gara a yi ta Turanci. Har wani ya ce ai waƙar Hausa ba ta wuce gadar Wudil. Aka yi dariya. Ni dai ban yi ba.

Da na je Ajingi ƙarshen mako sai na ba kawuna labari. Shi mutum ne ma'abocin rediyo, tun yana saurayi yake sauraron sashen Hausa na Muryar Jamus, wanda aka buɗe a 1963. Ya yi shiru, can ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon kaset, ya hure ƙura, ya ce, "Zauna ka ji, ɗana." Kiɗa ya tashi mai nauyi, irin na rawa, da muryar wani mutum yana zuba magana kamar sanƙira. Na ce, "Kawu, wane yare ne wannan?" Ya ce, "Jamusanci ne. Ni ma ban san abin da yake cewa ba, amma a zamaninmu mun sha ta."

Sunan waƙar "Rock Me Amadeus", mawaƙin kuwa ana ce masa Falco, mutumin birnin Viyana ta ƙasar Ostiriya. Ta fito a 1985. A watan Maris na 1986 ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, wanda mujallar Billboard ke bugawa, ta yi mako uku a nan. Ita ce waƙar Jamusanci ta farko da ta kai haka. A Ingila ma ta zo ta ɗaya a shekarar. To, ku tsaya ku ji abin da ta ƙunsa, domin nan ne maganar take. Ashe yabo ne kawai yake yi wa Mozart, wani makaɗi da ya yi zamani a birninsu, ya rasu tun 1791. Wato dai kirari ne ga mutumin gida da harshen gida. Ina bambancinsa da abin da abokina ya yi wa maƙeran Gaya?

Kada in yi son kai, akwai abin da za a iya ce mini. Falco ya ɗan yayyafa kalmomin Turanci a ciki, har da sunan waƙar. Yana da kamfani mai kuɗi a bayansa, kuma wani fim mai suna Amadeus da ya fito a 1984 ya riga ya share masa hanya. Duk na yarda. Amma fa ba shi kaɗai ba ne. A 1984 wata Bajamushiya, Nena, ta kai matsayi na biyu a Amurka da waƙarta ta Jamusanci, alhali kuwa an yi ta Turancin. A 1988 Mory Kante na ƙasar Gini ya zo na ɗaya a Holan da Sifen da "Yeke Yeke", da harshen Mandingo. Me ma ya kai mu nesa? Iyayenmu nawa ne suka haddace waƙoƙin finafinan Indiya, ba su san ko "zo in kashe ka" da Indiyanci ba?

A ganina, abin da ke jan kunnen baƙo shi ne ya ji abin da babu irinsa a gidansu. In muka tsaya gaban baƙi muna lanƙwasa harshe, muna kwaikwayon waƙar da suka fi mu iyawa, ai mun kai wa mai rijiya tallan ruwa. Alhaji Mamman Shata da Hausa ya yi waƙoƙinsa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988.

Iyayenmu, kada ku ɗauka ina kira ne a kawo mana rawar disko makaranta. A'a. Waƙar abokina babu batsa a cikinta, babu zambo, sai zuga da uwar maƙera da sunayen unguwanni. Turanci kuwa muna son sa, da shi za mu ci jarrabawa.

Roƙona ga kwamiti shi ne su sake zama kafin ranar biki, su ba waƙar nan minti biyar. In ana tsoron baƙi ba za su gane ba, ni na ɗauki nauyin fassara ta a takarda, a raba musu a kan kujerunsu. Kawu ma ya ce zai hawo babur daga Ajingi ya zo ya ji.