A Bar Kama Mataimakin Koci Da Laifin Kowa

A gidajen kallon ƙwallo da majalisun matasa na ƙasar Gumel, tun daga cikin birni har Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa. Da zarar ƙungiyar makaranta ko ta gari ta sha kashi sau biyu a jere, sai a ji wasu suna cewa a ɗauke mataimakin koci a mayar da shi wajen yara, a kawo wani. Wasu kuwa su ce taɓa shi ɓarna ce. Gardamar ta cancanci a dube ta da idon basira, domin abin da ake jayayya a kansa aikin mutum ne da mutuncinsa, da kuma makomar ɗaliban da yake horarwa.

Masu neman canji suna da hujja, kuma ba a raina ta. Mutumin da ya daɗe a wuri ɗaya yakan saba da 'yan wasa har idonsa ya daina ganin kurakuransu. Sukan kawo misalin Alex Ferguson, wanda ya shekara 26 yana jan ragamar Manchester United a Ingila, ya kuma yi aiki da mataimaka dabam-dabam. Brian Kidd ya tafi a ƙarshen 1998, Steve McClaren ya maye gurbinsa a farkon 1999, kuma a wannan shekara ƙungiyar ta ɗauki manyan kofuna uku. To, amma abin lura shi ne, babban kocin ne da kansa yake zaɓen wanda zai yi aiki da shi, shi kuwa yana nan daram a kujerarsa. Ihun 'yan kallo bai taɓa zaɓa masa mataimaki ba.

Tarihin ƙwallon ƙafa na Nijeriya ya isa darasi. Jo Bonfrere ya yi shekaru yana mataimakin Clemens Westerhof, tare suka ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994. Sanin da ya yi wa 'yan wasan nan ne ya taimaka masa ya kai su ga lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, inda suka doke Ajantina da ci 3 da 2. A 2002 kuwa, bayan Nijeriya ta zo ta uku a gasar Afirka a Mali, sai aka sallami Amodu Shuaibu tare da mataimakansa, Stephen Keshi da Joe Erico, saura 'yan watanni a tafi gasar kofin duniya. Sabon ayarin da aka tura Japan ya dawo da maki ɗaya tak da ƙwallo ɗaya a wasa uku. Shi wannan Keshi da aka kora, shi ne ya samar wa Togo gurbi a gasar duniya ta 2006, shi ne kuma ya ciyo wa Nijeriya kofin Afirka a 2013. Gaggawa dai aikin Shaiɗan ce.

A makarantu lamarin ya fi haka nauyi. Ɗalibin kwalejin horon malamai, irin wadda ke Gumel, shekara uku yake yi ya kama gabansa, watau ke nan ƙungiyar makaranta kullum cikin sabuntawa take. Mataimakin koci shi ne ya san wane yaro ne ke fama da gwiwa, wane ne jarrabawa ta sa shi fashin atisaye, wane ne ya fi dacewa da tsaron gida ko da yake shi gaba yake so. Wannan sani ba a rubuce yake ba, a kan mutum yake. In aka ɗauke shi a tsakiyar kakar wasa, ya tafi da shi, wanda ya gaje shi kuma sai ya fara daga tushe. Ma'aikatan gwamnati sun san wannan ciwo sarai, domin sun sha ganin yadda fayil ke kwana a ofis idan aka yi wa mai riƙe da shi canjin wurin aiki ba tare da ya miƙa ragama ba.

Saboda haka ya kamata hukumomin makarantu da kwamitocin wasanni na ƙananan hukumomin nan huɗu su shimfiɗa ƙa'ida. Da fari, a rubuta wa kowane mataimaki aikinsa, ko horon masu tsaron gida, ko 'yan baya, ko motsa jiki, domin a auna shi da abin da aka ɗora masa. Na biyu, a jinkirta duk wani canji zuwa ƙarshen kakar wasa, sai fa in an same shi da rashin ɗa'a. Na uku, a ji ta bakin babban koci kafin a yanke hukunci, tun da shi ake tuhuma idan an faɗi. Na huɗu, wanda aka ga ya gaza a tura shi ƙaro ilimi a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, maimakon a jefar da shi gefe.

Su kuma magoya baya, haƙƙinsu ne su yi suka, amma su tuna cewa sai an daɗe ana ban ruwa kafin itace ya ba da inuwa.