Burodin Mafara, Alkamar Ƙetare

Jama'a, duk wanda ya yi sammako a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya san ƙamshin gidan burodi. Tun kafin asuba an hura tanda, yara suna shafa wa gwangwanaye mai, masu shayi suna jira a bakin ƙofa. Amma shin wa ya taɓa tambayar mai burodi inda fulawarsa ta fito? Galibin alkamar a jirgin ruwa ta zo daga ƙetare, aka niƙa ta a Ikko ko wani babban gari, sa'an nan mota ta kawo mana.

To, ga abin takaici. A ƙasar Maradun aka datse Gulbin Sakkwato, aka gama madatsar Bakolori a 1978, aka ce za a shayar da hekta 23,000, kuma alkama tana cikin abin da aka yi alkawarin nomawa. Saboda wannan aiki aka karɓe gonakin talakawa. Da suka tashi neman diyyarsu, sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu 1980, aka rasa rayuka da yawa. Ga ruwa kwance a bayan gida, ga mai burodi yana jiran jirgi daga Turai da Amurka. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

A 1987 Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, a 1992 aka janye dokar, domin doka kaɗai ba ta shuka. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 fulawa ta yi tsada, da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hau. Mai burodi ba shi da dabara sai ya rage girman burodi ko ya ƙara kuɗi, ko kuwa ya kashe tanda ya sallami yaransa. Talaka kuma sai ya zage shi, alhali shi ma ɗora masa aka yi.

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Da ita kakanninmu mata suke yin alkaki da finkaso tun burodi bai zo ba. Sanyin hunturu take so, in an makara da shuka an yi asara.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da abu uku. A yashe magudanan Bakolori, ruwa ya isa kowace gona. A ba manomi iri da taki kafin watan Nuwamba ya wuce. A kafa injin niƙa fulawa a Mafara, don manomi ya sami mai saye, mai burodi ya sami gari kusa.

Ba roƙo muke yi ba. An karɓi gonaki, an zubar da jini, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.