GYARA KAYANKA: Hita Tana Ci, Ruwa Bai Yi Zafi Ba

Da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, hazo ya sauko ya lulluɓe Dutsen Aso har ba a hango shi daga Garki, sai masu gyaran wuta da masu gyaran famfo su shiga kakarsu. Kukan da ake kai musu kusan ɗaya ne: fitilar hita tana ci, mita tana zuƙar kuɗi, amma ruwan da ke zubowa ba shi da maraba da wanda aka shanya a rana. Lalle Abuja ba Jos ba ce, sanyinta bai kai a kwana ana jin wuta ba. Duk da haka da asuba ma'auni yakan sauko ƙasa da digiri 20, yaron da za a yi wa wankan makaranta kuwa ba ya bukatar ma'auni kafin ya sani.

Wani ma'aikacin gwamnati yana zaune a hawa na biyu cikin tsofaffin benayen nan na Eriya 2, irin waɗanda hukumar raya birnin tarayya ta gina wa ma'aikata a shekarun 1980, tun kafin gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Da aka sayar da irin waɗannan gidaje tsakanin 2005 da 2007, kowa ya shiga gyaran nasa yadda ya ga dama, shi ma wanda ya riga shi zama ya fasa banɗaki ya sa tayil, ya rataya hita mai cin lita 50. Shekara da shekaru ba wanda ya yi ƙorafi. Sai ga shi matar ma'aikacin nan ta haihu cikin muku-mukun sanyi, uwarta ta zo daga Katsina domin wankan jego. A hawa na biyu ba inda za a girka tukunya a hura itace, saboda haka duka nauyin ya koma kan hita. Bokitin farko ya fito da ɗan ɗumi, na biyu kuwa sai a hankali.

Mai gida ya kira wani yaro mai gyara. Yaro ya ɗaga kai ya dubi hita, bai taɓa kome ba, ya ce ƙarfen wutar da ke ciki ne ya mutu. Aka sayo sabo aka sa, jiya i yau. Ya ce ai jabu aka ba su a kasuwa, aka sake sayo wani. Da wannan ma bai yi ba, sai ya kawo shawara a cire abin nan da ke kashe wuta idan ruwa ya yi zafi, a haɗa waya kai tsaye, wai shi ne yake hana ruwa tafasa. Allah Ya sa mai gida ya yi jinkiri, ya nemo wani dattijo da ya daɗe yana aikin wuta a unguwar.

Shawarar yaron nan ta cancanci a tsaya a kanta, domin ana yawan ba da ita, kuma tana kisa. Hita rufaffiyar tukunya ce. Abin da ke hana ta zama bam abu biyu ne kawai: mai gadin zafi, watau ɗan ƙarfen da ke yanke wuta in ruwa ya kai inda aka saita shi, da kuma ɗan bawul ɗin da ke kan bututun shiga, wanda ke ɗiga ruwa in matsi ya yi yawa. In aka cire na farko, ruwa zai yi ta ɗaukar zafi har ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, saboda matsin da ke kansa. Ranar da tukunya ta tsage, lita ɗaya ta ruwa takan zama tururi sama da lita 1,600, ta yi gaba da bango. Na biyun kuwa mutane da kansu suke toshe shi, wai ɗigarsa tana ɓata tayil. Ɗigar nan ita ce shaidar yana aiki. Abin da ya dace a sa masa siririn tiyo ya kai ruwan magudana.

Dattijo da ya zo bai buɗe hita ba. Ya tambayi lokacin da ake kunna ta, aka ce bayan magariba da kuma da sassafe. Ya ce to zai dawo bayan magariba. Da ya dawo ya sa na'urar awo a soket, sai ta nuna bolt 180 maimakon 230.

Ya ce, "Alhaji, ka ga rabin ciwon. Wutar tana nan, amma ba ta da ƙarfi. Yanzu kowane gida a layin nan ya kunna nasa."

Lissafin abin ba shi da wuya, kuma duk mai hita ya kamata ya riƙe shi. Kafin lita 50 ta tashi daga digiri 20 zuwa 60 tana cin yunit biyu da sulusi na wuta. Ƙarfe mai wat 1,500 zai yi wannan aiki cikin awa ɗaya da rabi, in wuta ta cika. To, amma zafin da ƙarfe ke bayarwa ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi ta saurin faɗuwa. In bolt ya sauko daga 230 zuwa 180, watau ya ragu da wajen kashi 22 cikin ɗari, zafin yakan ragu da kusan kashi 40, ƙarfe mai wat 1,500 ya koma kamar mai 920. Aikin awa ɗaya da rabi ya zama na awa biyu da rabi. Wanda ya saba kunnawa minti arba'in kafin wanka a watan Maris, lokacin da rana ta riga ta ɗumama tankin da ke kan rufi, in ya yi haka a Janairu sai ya rantse hitarsa ta lalace, alhali lafiyarta lau. Ga ruwa ya fi sanyi, ga wuta ta fi rauni, ga shi bai ƙara mata lokaci ba.

Sauran rabin ciwon da hannu dattijo ya gano shi. Ya sa aka buɗe famfon zafi, ya dafa bututu biyun da ke ƙarƙashin hita, sai ya ji na wajen alamar ja ya yi sanyi ƙalau, ɗumin yana fitowa ta wajen shuɗiya. Ashe tun ranar da aka rataya ta an juya su. A cikin tukunya ruwan zafi sama yake hawa, mai sanyi ya kwanta ƙasa, saboda haka aka yi bututun fita dogo ya kai can sama, na shiga kuwa gajere. In aka juya, ruwan sanyi zai riƙa zuba a kan mai zafi yana dama shi, famfo kuma yana jan na ƙasa. Zafin bazara ne ya rufa wa mai aikin asiri duk shekarun nan. Gyaran bai ci awa guda ba.

Ba kowane gida ne za a tarar da wannan ba, amma hanyar binciken ɗaya ce: a fara da wutar da ke shiga, a bi ruwan da ke fita, buɗe tukunya shi ne na ƙarshe. Akwai gidan da famfon wanka mai haɗa zafi da sanyi ne ya cinye daga ciki, sanyi yana satar hanya. Akwai inda bututun zafi ya bi ta bayan bango tsirara, iskar hunturu tana sha daga gare shi kafin ya iso, alhali ɗan soson rufi mai araha ya isa magani. A tsofaffin benaye masu bututun ƙarfe, da gidajen da ke shan ruwan burtsatse ko na 'yan garuwa, laka da tsatsa sukan taru a gindin tukunya su binne ƙarfen wuta, alamarsu ita ce ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Ƙarfen kan mutu da gaske, amma galibi kashe shi ake yi: ruwa ya ɗauke, tukunya ta zama fanko, wani ya kunna. Minti kaɗan sun isa.

Hajiya surukar mai gida tana zaune tana jin duk abin da ake yi. Da ruwa ya fara fitowa da tururi sai ta ce, "Malam, tun da ka gano ta, murɗa mana ita har ƙarshe. Maijego ba ta wanka da ruwan alwala."

Dattijo ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, a 60 zan bar ta. A nan ma in ya zuba wa jariri, kafin a ce kwabo fata ta tashi."

Gaskiyarsa. Digiri 60 ya isa kashe ƙwayoyin cutar da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, sama da haka kuwa sai ƙarin kuɗin wuta da saurin taruwar dattin da ke cin ƙarfe. Kuma lita 50 a digiri 60, in aka sirka da mai sanyi, tana ba da lita 100 ta ruwan wanka mai digiri 40. Game da jego ma, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa zafin da ya wuce kima, na wanka da na gadon ƙasar da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, haɗe da kunun kanwa, yana da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Gadon ƙasar nan kuwa yana kama da abin da ƙasashen sanyi ke yi a yau. Mutanen Koriya sun daɗe suna bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin daɓe, Rumawa ma sun yi a gidajen wankansu. Yanzu bututun roba ake shimfiɗawa cikin siminti, tukunyar gas tana tura ruwa mai digiri 35 zuwa 45 yana zagayawa. 'Yan ƙasar nan da karatu ko aiki ya kai Ingila ko Jamus, in suka faɗa irin wannan gida, kukansu bai bambanta da na Garki ba: tukunya tana ci, ɗaki sanyi. Da yawa rashin haƙuri ne, domin daɓen siminti yana ɗaukar awoyi kafin ya yi ɗumi, kuma ba a yi shi don ya ƙona ƙafa ba, ƙa'idar Turai ta tsayar da shi a digiri 29. Wanda yake kunnawa yana kashewa kamar fanka ba zai taɓa jin daɗinsa ba. In an bar shi ya wuni bai yi ba, sai a duba allurar matsi a jikin tukunya, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 in ruwa ya huce, sa'an nan a dafa bututun tafiya da na dawowa. In na tafiya da zafi na dawowa sanyi ƙalau, ruwa ba ya zagayawa: ko iska ta maƙale a ciki, ko injin turawa ya gaza. Sai kuma laifin da ya fi kama Bahaushe, wanda ba ya ganin ɗaki ya cika ɗaki sai ya malala kafet mai kauri ya ɗora darduma. Ya lulluɓe wutar da bargo ke nan.

A Eriya 2 dattijo bai tafi ba sai da ya sauka bayan bene ya tono sandar da ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa, ya tarar tsatsa ta raba ta da wayarta. Ya ɗaura sabuwa, ya kuma gargaɗi mutanen gida su riƙa kashe makunni kafin kowa ya shiga wanka. Hitar bokiti da Hajiya ta zo da ita daga Katsina, mai tsirarar waya, ya roƙa a ba shi ya tafi da ita, aka ba shi bayan an yi 'yar ja-in-ja.

Yanzu mai gida yana kunnawa ƙarfe uku na dare, lokacin da unguwa ta yi barci wuta ta cika, kafin kiran assalatu ruwa ya yi. A farashin naira 225 kowane yunit, wanda hukumar kula da wutar lantarki ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024, cika tukunya ɗaya ya kama naira 500 da 'yan kai, ya rubuta wannan a bayan kalanda yana lissafin kwana arba'in. Ƙarafan nan biyu da yaro ya cire, tsohon da wanda aka ce jabu ne, dattijo ya auna su kafin ya tafi, kowanne ya nuna om 35, daidai abin da lafiyayyen ƙarfe mai wat 1,500 ke nunawa. Suna nan cikin durowa an naɗe su a tsohuwar jarida.