Fagen Ilmi: Hirar Keke A Ɗakin Jarrabawa

Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa wanda ba a taɓa jingine keke a zaurensa ba. Amma abin mamaki, sai ga saurayin da ya yi shekara da shekaru yana kai kaya kasuwa a kan Rali ɗin mahaifinsa, ran da aka ce ya ba da labarin keke da Turanci a gaban mai jarrabawa, sai baki ya mutu.

Jarrabawar da ake nufi ita ce IELTS, wadda aka fara a 1989, kuma hukumar British Council da Jami'ar Kambirij da kamfanin IDP na Ostiraliya suke gudanar da ita tare. Ita ce ƙofar da ɗalibai da ma'aikatan jinya da dama suke bi kafin su tafi ƙasashen waje. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Ingila tana neman maki 7 cikin 9 a fannin magana, saboda haka wanda ya tsaya a 6.5 bai kai gaci ba, ga kuɗin rajista kuma ba na wasa ba ne.

Fannin magana ba ya wuce minti 11 zuwa 14, kuma kashi uku ne. Da fari akan yi tambayoyi a kan abubuwan yau da kullum, a nan ne keke yakan ɓullo: ko mutum ya iya hawa, wa ya koya masa, ko yana hawa har yanzu. Daga nan a miƙa masa kati, a ba shi minti ɗaya ya yi tunani, ya yi bayani na kamar minti biyu. Sa'an nan a tattauna.

To, ina gizo yake saƙa? Na farko dai gajerar amsa. Bahaushe ya tashi da tarbiyyar kada ya cika surutu a gaban na gaba, don haka da an ce ko ya iya keke sai ya ce i, ya sunkuyar da kai. Wannan ladabi ne a zaure, amma a ɗakin jarrabawa asara ce, domin mai jarrabawa ba ya iya auna abin da bai ji ba. Abin da ya kamata shi ne a ba da amsa, a bi ta da dalili, a ɗora ɗan labari: wansa ne ya koya masa a filin makaranta yana ɗan shekara tara, ƙafa ba ta kai feda ba sai ya zura ta ta ƙarƙashin sandar keken, ranar farko kuma a cikin kwata ya kwana. Wannan ɗan labari kaɗai ya nuna mutum ya san yadda ake faɗin abin da ya wuce, wanda kuwa yana cikin abubuwan da ake dubawa.

Sai kuma tarkon da Hausa da kanta take ɗanawa. Da Hausa akan hau keke, akan kuma tuƙa shi, sai ɗalibi ya ɗauko "climb" ko "drive", alhali kuwa Bature "ride" yake cewa. Birki da feda da famfo da faci duk daga Turanci aka aro su, amma sun daɗe a bakin Bahaushe har sun sake kama. Wanda zai mai da su gida sai ya cire wasulan da aka cusa, ya kuma raba "p" da "f", abin da ya fi kome ba Hausawa wuya. Ba a ce ya kwaikwayi harshen mutumin Landan ba. A gane abin da ya faɗa ba tare da wahala ba, shi ke nan.

Akwai masu sayen amsoshin da aka riga aka rubuta su haddace. Wannan ganganci ne. An horar da masu jarrabawa su gane hadda, kuma da sun ji alamarta sai su sauya tambaya. Haka nan baiwar Allah da ba ta taɓa hawa keke ba, ba sai ta ƙago ƙarya ba. Ta ce ba ta iya ba, ta bayyana cewa a garinsu ba a saba ganin mata a kan keke ba, ta faɗi ra'ayinta. Harshe ake aunawa, ba gwanintar tuƙi ba.

A wajen tattaunawa akan tambayi dalilin da ya sa keke ya ragu a birane. Ɗan Nijeriya yana da abin faɗa fiye da kowa: zuwan acaɓa, da Keke Napep wanda har sunan ya ƙwace, da rashin hanyar masu keke a tituna, da tsadar man fetur tun da aka janye tallafi a 2023. In ya san cewa a ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa, ya kwatanta.

Shiri kuwa ba ya bukatar kuɗi. Ɗalibi ya kunna abin ɗaukar murya na wayarsa, ya yi minti biyu yana bayanin yadda kaca ta taɓa zame masa a hanya, ya saurara, ya ƙidaya wuraren da ya tsaya yana neman kalma, gobe ya sake.