Kafson da ake zuba wa kaji, mu ne muke biyan kuɗinsa

Jama'a ƴan kasuwa, mata da maza, a shiga kasuwar bisashe ta Maradi ko Damagaram ko Ƙonni ranar cinta, a duba gefen turaku. Za a tarar da mai tebur ya baza kwalaben allura da kafso ja da rawaya a cikin rana, babu takardar likita, babu mai tambaya. Rago ya yi tari, allura. Kaji sun yi sanyi, a fasa kafso a ruwan shansu. Mun saba da abin har ya zama kamar gishiri a miya.

To, ga inda matsalar take. Waɗannan magunguna da likitoci ke kira antibiyotik, kusan iri ɗaya ne da waɗanda ake ba ƴaƴanmu a likita. In aka ba dabba rabin awo, ko aka tsaya kwana biyu da ganin ta miƙe, ƙwayoyin cuta masu rauni ne kawai ke mutuwa. Masu taurin kai su rayu, su hayayyafa, sun riga sun san maganin. Daga nan sai su bi kashin dabba zuwa takin lambu, su hau salati da kabeji, su bi ruwan mahauta zuwa tabki da gulbi, su shiga nono da nama da hannun mai fiɗa. Ranar da yaro ya kwanta da zawo ko ciwon haƙarƙari, a ba shi magani ya ƙi ci, a canza wani mai tsada, jarin uwa ya tafi.

Ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2019 kaɗai, an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Wani zai ce ai gwamnati ta hana sayarwa, shi ke nan. Ina! Mu da muke fatauci mun fi kowa sanin cewa kaya ba su san iyaka ba. Kwalba a yi ta a Indiya ko Sin, a sauke ta a Kwatano ko Legas, ta kwana Kano, ta wayi gari Ɗan Isa ko Magarya. Shanunmu kuma su bi hanyar su gangara kudu. A 2015 aka gano a ƙasar Sin wata ƙwayar cuta a jikin aladu da ba ta jin kolistin, maganin da likitoci ke ajewa sai an rasa yadda za a yi. Ba a daɗe ba aka same ta a ƙasashe da dama. Ƙasa guda ba ta iya tare irin wannan.

Manyan duniya sun fara motsawa. Tarayyar Turai ta hana zuba antibiyotik a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006. A shekarar nan ce kuma UEMOA ta tsara doka guda ta ba magungunan bisashe izinin shiga kasuwannin ƙasashenta. A 2022 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗu da OMS da FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, suka zama huɗu a kan wannan aiki. A watan Satumba na 2024 ƙasashe suka yi alkawari a Niyok cewa za su rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030.

Madalla da alkawari, amma mu a kasuwa muke son ganinsa. Najeriya ba ta cikin UEMOA, alhali da ita muke cinikin safe da yamma. Muna son ƴan duwan da likitocin bisashe na ɓangarorin biyu su riƙa sanar da juna jabun magani, a ƙarfafa ɗakin bincike na LABOCEL da ke Yamai, kuma kuɗin taimakon da ake shelarsa ya kai ga ƙarin ma'aikatan kiwo a karkara. Makiyayi na zuwa wurin mai tebur ne don shi ne kusa, kuma shi ke ba da bashi.

Mu ma da namu rabon. Annobar da ke share kaji lokacin ɗari, wadda ake kira Niyukasil, kafso ba ya yi mata komai, rigakafi ne maganinta. Kuɗin da aka kashe an zuba su a rijiya ne. Haka masassarar awaki da tumaki da ake yi wa rigakafi kowace shekara. Kowane magani na gaskiya kuma yana da kwanakin jira a jikin kwalbarsa: wasu allurai sai an yi sati uku ko fiye kafin a yanka dabbar, kuma tafasa nono ba ya fidda maganin duka. Mai sarin ƙwai, mai fura da nono, mahauci da mai kilishi, kowa na da ikon tambayar wanda ya kawo masa kaya yaushe aka yi allurar ƙarshe. Shugabannin kasuwanni da sarakunan fawa su sa wannan tambaya cikin ƙa'idar ciniki, kamar yadda ake duba haƙoran rago kafin a yi tayi.