Raddi Ga Masu Cewa Mai Cin Moriyar Digiri Shi Zai Biya

Tun shekarar 2021, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ɗaga kuɗin makaranta a Jami'ar Jihar Kaduna daga wajen naira 24,000 zuwa 150,000, wata magana ta samu gindin zama a bakin wasu 'yan boko, har a nan Kafanchan. Cewa suke karatun jami'a jari ne na mutum ɗaya, don haka wanda zai ci ribarsa shi ya kamata ya zuba kuɗinsa. Wanda ba shi da hali kuwa ya je ya koyi sana'a, tunda digirin ma yanzu ba ya tsinana wa kowa komai. Masu faɗin haka ba duka ne 'yan kanzagin gwamnati ba. Akwai malamai a cikinsu, akwai tsofaffin ma'aikata da lalacewar jami'o'inmu ke ci wa tuwo a ƙwarya. Shi ya sa na ga ya dace a bi hujjojinsu daki-daki.

Kafin a je ko'ina, ya kamata su zaɓi ɗaya cikin maganganunsu biyu, domin ba sa kwana ɗaki ɗaya. In digiri ba shi da amfani, wace riba ce ake so ɗalibi ya biya kuɗinta? In kuwa ribarsa ta kai a ɗora wa ɗan manomi naira 150,000 a shekara, to me ya sa ake tura shi koyon walda? A 2021 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Ke nan abin da aka nema daga ƙaramin ma'aikaci albashinsa ne na wata biyar cif, na yaro ɗaya, ban da ci da sha.

Hujjarsu ta farko ita ce wadda kowa yake gani da idonsa: masu digiri suna acaɓa, suna zaune a rumfunan POS. Gaskiya ne, ba na musu. Amma laifin wa? Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya haifa. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso a shekarun 1920 aka yi mahaɗa a nan, reluwe ta riƙa ɗaukar akawu da direba da kanikawa. Yau ku je tasha ku ga abin da ya rage. Masaƙun Kaduna da suka ci dubban matasan Kudancin Kaduna aiki sun rufe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000. Wuraren aikin ne suka mutu, kuma mutuwarsu ba mai digiri kaɗai ta taɓa ba. Mai walda yana jiran wuta, tela yana jiran ma'aikaci ya karɓi albashi ya kawo ɗinki. Ina girmama sana'ar hannu matuƙa, kuma ina goyon bayan a zuba mata kuɗi. Sai dai na lura masu wa'azin sana'a ga 'ya'yan talakawa, nasu 'ya'yan suna Zariya ko Abuja ko ƙasar waje suna karatun likitanci da lauya.

Akwai kuma abin da dattawan cikinsu ba sa son a tuna musu. Da yawansu sun yi Jami'ar Ahmadu Bello a zamanin da babu kuɗin koyarwa, ga abinci a ɗakin cin abinci, ga tallafin jiha. A watan Afrilun 1978, da aka ƙara kwabo 50 kacal a kan kuɗin abincin yini, ɗalibai suka tashi da zanga-zangar neman Kanar Ahmadu Ali ya sauka daga kujerar ilimi, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Da an ce iyayen wancan zamani su biya cikakken kuɗin karatu, da 'ya'yan manoman Kwoi da Kagoro da Zonkwa, waɗanda makarantun mishan suka fara buɗe wa ido, ba su zama manyan sakatarori da janar-janar da farfesoshin da muke alfahari da su ba. Marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, a Zariya ya yi digirinsa.

Hujja ta biyu ita ce ginshiƙin maganarsu, wato mai cin moriya shi zai biya. Na yarda da ƙa'idar. Tambayata ita ce, wane ne mai cin moriyar? Mu dubi abin da ake karantawa a yankin nan. Reshen jami'ar jiha da ke Kafanchan, aikin gona da ilimin muhalli da gine-gine ake koyarwa. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya malamai take yayewa. Kwalejin da ke cikin gari ma'aikatan jinya da ungozoma take horarwa. Yarinyar da ta gama ungozoma aka tura ta ƙaramin asibiti a wani ƙauyen Sanga ko Kaura, nawa ne albashinta, kuma nawa ne darajar matan da za ta karɓi haihuwarsu cikin dare a shekara talatin na aikinta? Ita ta ɗauki ɗan kaɗan, al'umma ta kwashi sauran. In za a raba kuɗin karatunta daidai da rabon moriya, kason da zai faɗo kan mahaifinta shi ne ƙarami.

Manoman citta sun san wannan a jikinsu. A daminar 2023 cutar da ta faɗa wa citta ta cinye gonaki a Kachiya da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, mutane suka yi asarar iri da jari gaba ɗaya, wasu da bashi a kansu. Da abin ya faru, wa aka shiga nema? Masanin cututtukan shuka wanda zai ɗauki ƙasa da saiwa ya kai ɗakin bincike ya gano ƙwayar cutar, da malamin gona wanda zai bi ƙauyuka ya koyar da yadda ake tsaftace iri da sauya gona. Irin waɗannan mutane jami'a ce ke samar da su, kuma babu manomi ɗaya da zai iya ɗaukar nauyin horar da su shi kaɗai, alhali kowane manomi yana buƙatarsu. Abin da kowa ke buƙata kuma ba mai iya saye shi kaɗai, ai shi ne dalilin da ya sa ake karɓar haraji.

Sannan ana magana kamar iyaye ba sa biyan komai. Kuɗin rajista shi kaɗai ake gani a takarda. Hayar ɗaki fa, da abinci, da kuɗin mota, da littattafai, da kuɗin aikin bincike na shekarar ƙarshe? Ga hannu ɗaya da gona ta rasa na shekara huɗu ko biyar. Shekarun ma ba su da tabbas: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022 daga Fabrairu zuwa Oktoba, yaranmu da ke jami'o'in tarayya suna gida mai haya yana ƙirga kwanakinsa. A 2017 kuma manyan makarantun Kafanchan da Gidan Waya sun shafe watanni a rufe saboda matsalar tsaro. Duk wannan asara a wuyan iyaye ta sauka, babu wanda ya mayar musu da ko sisi.

Hujja ta uku tana da kamar tausayi a cikinta: gara a kai kuɗin firamare, inda 'ya'yan talakawa suka fi yawa. Wannan tsohuwar fatawar Bankin Duniya ce ta shekarun 1980, wadda ƙasashen Afirka suka bi a zamanin tsuke bakin aljihu har jami'o'insu suka durƙushe. Bankin da kansa ya sassauto a wani rahoto na shekarar 2000 da aka yi tare da UNESCO, inda aka amince cewa ƙasa mai tasowa ba ta ci gaba ba tare da ilimi mai zurfi ba. Mu ma ba sai mun je Amurka neman hujja ba. A 2017 gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. To, daga ina ake son ƙwararrun da za su maye gurbinsu su fito? Daga Gidan Waya da Zariya da jami'ar jiha. Bayan shekara huɗu sai ga kuɗin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ya koma naira 75,000. Ba a gyara firamare ta hanyar toshe ƙofar makarantar da ke yaye malamin firamare.

Hujja ta huɗu ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa araha ce ta kashe inganci: ɗakin gwaji babu kayan aiki, malamai suna guduwa waje, kuma in an sauƙaƙa wa kowa, ɗan mai kuɗi ma ya ci bulus da harajin mai sayar da ƙosai. Rabin farko gaskiya ne tsantsa. Jami'a tana cin kuɗi, kuma digirin kimiyya da aka yi shi a kan allo kawai zalunci ne ga ɗalibin. Rabi na biyu ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman a kwasa-kwasan likitanci da lauya a manyan jami'o'in tarayya, kuma ba ni da ja in an ce mai hali ya biya fiye da maras hali. Amma 'ya'yan attajirai nawa ne ke karatun aikin gona a Kafanchan ko neman takardar malanta a Gidan Waya? Ƙarin kuɗi na bai-ɗaya a irin waɗannan makarantu bai taɓa aljihun mai kuɗi ba. 'Yar gwauruwa ya kora gida, ita da ƙanenta. Kuma mun san wanda ake fara cirewa in kuɗin gida bai isa biyu ba: macen.

Ƙasar nan ta riga ta gwada wata hanyar kuma ta yi aiki. Harajin ilimi da aka ɗora kan ribar kamfanoni, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar ASUU da gwamnati ta 1992 ya zama doka a 1993, shi ne ya haifi asusun TETFund. Ya fara da kashi 2 cikin 100, ya kai kashi 3 a 2023. Duk wanda ya zaga manyan makarantun gwamnati ya ga sunan asusun a jikin sababbin gine-gine. Kamfanonin da ke ɗaukar injiniya da akanta da suka samu a horar, su ma masu cin moriya ne, kuma ga shi suna biya.

Ba a kuma saukar da lambar 150,000 daga sama ba. A watan Yunin 2021 ɗaliban Gidan Waya suka fita zanga-zanga kan ƙarin, har aka rasa rai. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin jami'ar jiha zuwa naira 105,000, na Gidan Waya zuwa 37,500. Jam'iyya ɗaya, jiha ɗaya, lissafi biyu. Abin da hakan ke nunawa shi ne shawara ce ta siyasa, ana iya ɗagawa ana iya saukewa. Sai dai in faɗa wa namu ɓangaren gaskiya: ragi ba tare da jiha ta cike giɓin daga kasafinta ba, musamman bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira, yunwa ce aka mayar wa makarantar ta bayan gida. Wanda ya yi murna da ragin, wajibinsa ne ya bi sawun abin da aka ware wa makarantun da abin da aka saki a zahiri.

Saura hujjarsu ta baya-bayan nan: ai yanzu akwai asusun rancen ɗalibai na NELFUND, talaka ya ci bashi. Tsarin da aka sa wa hannu a Afrilun 2024 ya fi babu nesa ba kusa ba. Ba kuɗin ruwa, ana biyan makaranta kai-tsaye, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu. Amma su lura, wannan tsari ra'ayina ya ƙarfafa: kuɗin jama'a ne ke biya tun farko, wanda karatun ya yi wa rana kuma ya mayar daga baya. Abin tsoro biyu ne. Hukumar ba ɗalibai rance da aka kafa a 1972 ta mutu saboda ba a iya karɓo bashin ba, a ƙasar da yawancin masu aiki ba su da takardar albashi. Na biyu, rance yana ba makarantu ƙwarin gwiwar ƙara kuɗi da hujjar ai asusu zai biya. A Ingila an fara da fam 1,000 a 1998, zuwa 2012 an kai 9,000 a inuwar rance. Jamus kuwa ta gwada karɓar kuɗin koyarwa a wasu jihohinta, zuwa 2014 duk suka janye. Ban da haka, rancen wanda ya riga ya samu gurbi yake tarar. Yaron da ya kasa biyan WAEC da JAMB a Godogodo, asusun bai ma san da zamansa ba.

A 2025 gwamnatin tarayya ta mayar da tsohuwar Jami'ar Nok ta zama Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace a Kachiya, aka naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta. Shekara da shekaru mutanen yankin nan suna roƙon haka. Jami'ar tarayya ce, gurabenta na duk ƙasa ne, kuma kwasa-kwasan kimiyya da lafiya su suka fi tsada. In aka bi ra'ayin 'yan'uwan nan da nake wa raddi, ginin zai tsaya a Kachiya, ɗaliban su zo daga gidajen masu hali na Abuja da Legas, 'ya'yan masu cittar da ke kewaye da katangar kuma su samu aikin gadi da sayar da abinci a bakin ƙofa.