DA WACE TAKARDA ƊALIBIN ZAURE ZAI SHIGA JAMI'A?

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata magana da ta gudana tsakanina da wani ɗan'uwa bayan sallar La'asar a unguwarmu ta Kusugu, a nan birnin Daura. Bawan Allahn nan ya ba shekara talatin baya. Ya haddace Alƙur'ani tun yana saurayi, ya kuma rubuta shi da ka. Daga nan ya durƙusa gaban malamai a zaure fiye da shekara goma, ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Askari, har ya kutsa cikin Muhtasar. A nahawu ya wuce Ajurumiya, ya karanci Alfiyyar Ibn Malik baiti bayan baiti. Sai ya dube ni ya ce: "Malam, ina son in yi digiri a fannin Larabci. Da wace takarda zan nema?" Na daɗe ban ce masa uffan ba, domin amsar gaskiya tana da ɗaci: a ma'aunin masu ɗaukar ɗalibai, shi da wanda bai taɓa riƙe allo ba duk ɗaya suke.

Ya kai mai karatu, bari in fara da bayanin yadda ƙofofin suke, don kada a zaci ƙorafi kawai na zo yi. Tun daga 1978 hukumar JAMB ce ke riƙe da mabuɗin shiga Jami'o'in Nijeriya. Ƙofa ta farko ita ce ɗalibi ya zauna jarrabawar hukumar a darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu, sannan ya kawo sakamakon kammala sakandare mai kiredit biyar, har da Turanci, wanda ya samu a zama ɗaya ko biyu. Wannan zai fara daga ajin farko. Ƙofa ta biyu ita ce ta shiga kai tsaye: wanda ke riƙe da takardar malanta ta NCE, ko difloma karɓaɓɓiya, ko sakamakon IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke shiryawa, ana yafe masa shekara guda, ya fara daga aji biyu.

A lura da wannan ƙofa ta biyu da kyau, domin a kanta hujjata take. Ma'anarta ita ce Jami'a da kanta ta amince cewa ilimin da aka samo a wani wuri ilimi ne, kuma babu dalilin tilasta wa mutum ya maimaita abin da ya riga ya sani. Ashe ƙa'idar ba baƙuwa ba ce. Abin da ya rage shi ne a tambaya: ilimin wa ake lissafawa, na wa kuma ake watsarwa?

Magabatanmu sun yi wani ƙoƙari a wannan fage, kuma zalunci ne a manta da shi. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS. Ita ta yaye Shehu Abubakar Mahmud Gumi da tsararrakinsa, waɗanda suka fito daga zaurukan iyayensu suka samu takardar da hukuma ta sani. A cikin harabarta ne kuma aka fara kwalejin da ta girma ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Wato Jami'ar nan a gidan Larabci aka yanke mata cibiya. Haka nan a 1960, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka kafa hukumar shirya jarrabawar makarantun Larabci da Addinin Musulunci, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ita ce NBAIS ta yau, kuma a 2011 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da ita a matsayin hukumar jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya. Da takardarta ni kaina na shiga Jami'a, saboda haka ba zan raina ta ba.

Amma fa wannan gyara ya tsaya ne ga wanda ya bi ta aji da benci da rajista, ya yi shekara shida a sakandaren Larabci. Ɗalibin zaure da mahaddacin tsangaya suna nan a inda suke. Idan mai tambayata yana son takardar, sai ya koma ya zauna tare da yaran da shi ne ya biya musu baƙi da farfaru.

Na ga wannan da idona. A shekararmu ta farko a Jami'a an shafe zango guda ana koya mana alamomin li'irabi da rabe-raben kalma, abin da yaro ke gamawa a farkon Ajurumiya. A ajinmu akwai wani magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda da dare shi ne ke warware mana baitocin Alfiyya a masallacin makaranta, da safe kuma ya zauna a bayanmu yana rubuta ma'anar mubtada'i da habari don ya ci jarrabawa. Kafin ya kai ga wannan kujera sai da ya yi shekaru yana neman takardar sakandare. Ban taɓa jin ya yi gunaguni ba, amma ni na yi masa lissafi: kuɗin makaranta, da kuɗin mota, da gonar da aka bari ba noma, da ɗaliban da ya baro a gida ba mai biya musu karatu. Duk wannan don a koya masa abin da shi ne ya fi cancanta ya koyar. Wannan almubazzaranci ne da shekarun bayin Allah, kuma shekaru ba a sayo su a kasuwa.

Abin mamaki, shugaban da aka naɗa wa hukumar JAMB a 2016, Farfesa Ishaq Oloyede, shi kansa ɗan makarantar Larabci ne. Ya yi karatu a Markaz ta Agege, ya samu takardar shaidar Larabci da Addinin Musulunci a Jami'ar Ibadan, sannan ya yi digirin Larabci a Ilorin, Jami'ar da daga baya ya shugabanta. Da ba a gina masa gada tsakanin karatun Larabci da Jami'a ba, da ƙasar nan ta yi hasararsa. Mutum nawa irinsa ne suke zaune yau a zaurukan Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Ɓaure, babu gadar da za su taka?

Wani zai ce ai ilimin da ba a samo shi a aji ba, ba shi aunuwa. Wannan magana ba ta da tushe, kuma gwamnati da kanta ta rushe ta. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, da ke Kaduna, tana da tsarin da ake gwada masu sana'ar hannu waɗanda suka koya a wajen iyayen gidansu, a ba su takardar shaida gwargwadon abin da suka iya. Mai walda da kafinta da bakanike ana duba aikinsu a ce sun kai mataki kaza, ba tare da an tambaye su ajin da suka zauna ba. Madalla da wannan tsari. To, idan ana iya auna hannun mai walda, me zai hana a auna ƙirjin mahaddaci? Gwada mai Alfiyya ya ma fi sauƙi: a miƙa masa shafi marar wasali ya karanta, ya yi li'irabi, ya fassara, ya rubuta insha'i. Cikin awa uku an san ko shi wane ne.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta tsoron jabu, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. A 2023 hukumar JAMB ta bayyana cewa Jami'ar Bayero ta binciki takardu 148 na masu neman shiga kai tsaye, ta tarar shida ne kawai na gaskiya. Wannan abin kunya ne da ban tsoro, kuma duk wanda ya ji shi zai fahimci dalilin da ya sa hukumomi ke ƙara ƙuntata ƙofa. Sai dai a tsaya a yi tunani: me aka ƙirƙira a can? Takarda aka ƙirƙira. Ba wanda ya isa ya ƙirƙiri haddar Baƙara a gaban alarammomi uku, ko ya sayi li'irabin baiti a wajen mai buga takardu. Yawaitar jabu hujja ce a kan raunin dogaro da takarda kaɗai, kuma ita ce babbar hujjar a koma ga gwaji ido da ido.

A nan kuma dole mu juyo da yatsa mu nuna kanmu, domin ba duka laifin ne na Jami'a ba. Malaman Musulunci sun riga kowa sanin cewa ilimi yana bukatar shaida. Shi ya sa suka kafa ijaza, wadda ke faɗin wane ya karanta littafi kaza a wajen wane, shi kuma daga wane ya karɓa. Shehu Abdullahi na Gwandu littafi sukutum ya wallafa, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malamansa da abin da ya ɗauka a wajen kowannensu. Yau kuwa sai ɗalibi ya yi shekara goma a zaure babu ko layi ɗaya a rubuce da ke nuna ranar da ya fara Risala da ranar da ya sauke ta. Inda ake ba da ijazar ma, sau da yawa ta koma ta neman albarka, a raba wa duk wanda ya halarci majalisi, wanda ya fahimta da wanda ya yi gyangyaɗi. Wasu masu makarantu kuma, Allah Ya shirye mu, sun mai da shahada haja. Wanda ya wulaƙanta shaidarsa da hannunsa, da wane baki zai nemi wani ya girmama ta?

Yaƙin Sudan na 2023 ya isa ya zama darasi. Ɗalibanmu da yawa da ke karatu a Khartum an kwaso su ba shiri, JAMB kuma ta fitar da hanyar da Jami'o'in gida za su karɓe su su ci gaba daga inda suka tsaya. Jigon wannan hanya shi ne takardar da ke nuna darussan da ɗalibi ya yi da sakamakon kowanne. Rubutu ne ya tsaya musu a ranar da malamansu ba sa kusa balle su yi musu shaida.

Sai maganar Turanci, wadda wasu 'yan'uwa ba sa son a taɓo. Ni ban goyi bayan a cire shi ba. Wanda zai riƙe digirin Nijeriya zai yi hidimar ƙasa, zai koyar a makarantar gwamnati, wataƙila ya zauna a kotu, kuma duk waɗannan da Turanci ake rubuta su. Abin da nake ƙi shi ne a mai da rashin Turanci dalilin shafe duk sauran abin da mutum ya sani. Mai gurbi ɗaya a cike masa gurbinsa. Wanda ya iya haddace baiti dubu na nahawu, Turancin shekara ɗaya ko biyu ba zai gagare shi ba.

Saboda haka abin da nake kira gare shi ba sassauci ba ne, jarrabawa ce mai tsanani, wadda malaman Jami'a da malaman zaure za su zauna tare su tsara, a yi ta a rubuce da kuma da baki, a Alƙur'ani da fiƙihu da nahawu da lugga. Wanda ya ci, a ba shi shekara guda ta share fage a Turanci da dabarun bincike da sarrafa kwamfuta, sannan ya shiga Jami'a, a kuma yafe masa duk darasin da ya tabbatar ya ƙware a kansa. Wanda ya faɗi ya koma zaure ya ƙara himma, ba wanda ya zalunce shi. Kuma a tsaya a kan iyaka: wannan ƙofa ta fannin Larabci ce da Addinin Musulunci da makamantansu. Ba wanda ya ce Muhtasar za ta shigar da mutum ajin injiniya a Jami'ar Sufuri ta Daura. Mai son wannan sai ya nemi lissafi da kimiyya kamar kowa.

Kayan aikin kuwa duk muna da su a jihar nan. Ga Kwalejin Yusufu Bala Usman a cikin garin Daura, wadda ta saba da ɗaliban Shari'a da Larabci, za ta iya ɗaukar shekarar share fagen. Ga Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a Katsina a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta 2006. Ga NBAIS mai gogewar fiye da shekara sittin a shirya jarrabawa. Ga kuma hukumar kula da ilimin almajirai da aka kafa da doka a 2023, wadda ya kamata ta san cewa almajiri ba ya dawwama yaro: yana girma ya zama gardi, ya zama alaramma, ya nemi gaba. Masarauta ma tana da rawar takawa, domin hakimai da dagatai da limamai sun san kowane zaure da mai shi, kuma ta hannunsu za a iya tattara sunayen malaman da za a karɓi shaidarsu. Amma kafin hukuma ta motsa, kowane malami zai iya sayen littafin rajista gobe da safe, ya fara rubuta sunan ɗalibi da littafin da yake karantawa da ranar farawa da ranar sauka, ya sa hannu.

Shi kuwa mai tambayata, shawarar da na iya ba shi a ranar ita ce ya nemi makarantar yamma ya fara shirin jarrabawar sakandare. Ya karɓa, ya kuma yi rajista. In Allah Ya sa komai ya tafi daidai, zai kai shekara talatin da biyar kafin ya zauna a ajin farko, a fara koya masa alamomin li'irabi.